Rigunan Yayi Talatin da Biyu

Ni dai tun ranar da Sherifa ta shigo shagonmu na san za a yi. Ba wai ta yi wani abu ba ne. Sallama ta yi, ta durƙusa ta gai da Madam, ta bi mu ɗaya bayan ɗaya da gaisuwa. Amma da ta zo wucewa ta gaban kekena sai ta kalli hannun rigar da nake ɗinkawa, kallo ɗaya tak, ta ɗauke kai. Shekarata goma sha tara a kan keken nan, na san kallon wanda ya ga aiki ya raina.

Shagon na Hajiya Lariya ne, muna kiranta Madam. Yana nan unguwar Akwatialine a Kumasi, tsakanin mai gyaran fanka da rumfar Brimah mai guga. Madam ke yanka. Ni Rakiatu da Marwa muke ɗinki. Marwa Badagomba ce, aure ya kawo ta Kumasi, Hausarta ta kasuwa ce amma ba ta taɓa hana ta faɗin abin da ke ranta ba. Sherifa ce ta zo ta cike mu huɗu.

Gaskiya ɗaya ce, yarinyar nan Allah ya ba ta hannu. Ba na son faɗa, amma haka ne. In ta kalli mace sau ɗaya ta san inda riga za ta zauna mata da inda za ta ƙi. Sai dai shago biyu a Adum sun riga sun sallame ta, kuma duk dalilin ɗaya ne: ba ta aiki da kowa, ba ta tambayar kowa, abin da aka sa ta daban, abin da za ta yi daban. Tana da 'yar yarinya ƙarama, tana zaune a ɗakin gwaggonta, babu miji, babu keken kanta. Madam ta ɗauke ta ne don gwaggon ta zo har shago ta roƙa. Kowa ya san in nan ma aka kore ta, babu telar da za ta sake buɗe mata ƙofa a Zongo.

Sai ga bikin gidan Malam Sulemana, mai makarantar Islamiyya ta bayan masallaci, zai aurar da 'yarsa. Ƙungiyar matan unguwa suka fitar da yayi. Yayi shi ne abin da mutanen Najeriya ke ce wa anko: atamfa iri ɗaya, ɗinki iri ɗaya, kowa ta sa ranar biki. Mu a nan ba wasa muke da shi ba. Ranar ce kaɗai Hajiya mai shago uku a kasuwar Kejetia da mai sayar da koko a bakin kwata za su jeru a ƙarƙashin rumfa ɗaya, baƙo ya duba ya kasa cewa wannan ta fi wannan. Dalilin yayi ke nan, ko yaro ya sani.

Mata talatin da biyu suka kawo atamfarsu, shuɗiya mai ratsin ruwan goro. Shekara da shekaru Madam ke ɗinka wa ƙungiyar nan. Ta auna, ta yanka, ta raba mana: ni goma sha biyu, Marwa goma sha ɗaya, Sherifa tara tunda sabuwa ce. Riga da zani da ɗankwali, wuya zagaye, babu ado. Daga nan aka yi wa Madam rasuwa a garin Ejura, ta tafi ta yi kwana takwas.

Na lura Sherifa tana jan jiki da aikinta. Ta koma can lungu ta juya mana baya, kullum allurar hannu a yatsanta, in ta gama ɗaya ta ninke ta sa a leda ta ɗaure. Na ga duk wannan, ban ce komai ba. A raina cewa na yi ruwanta, wanda ya raina aikin mutane ai ba ya buƙatar shawararsu.

Ranar Laraba da rana Madam ta dawo, Magajiyar ƙungiya ta biyo ta don ta ga inda aka kwana, saboda biki ranar Lahadi ne. Muka fito da namu aka rataye. Sherifa ta kwance ledojinta tana murmushi, ta rataye tata ta farko.

Ashe ta ɗauki ragowar yadin kowace mace, wanda a al'ada ake ninkewa a mayar wa mai shi, ta mai da shi siririyar igiya, ta nannaɗe igiyar a wuyan riga ta fitar da ganyaye bakwai masu bin juna har kafaɗa. Ko zare ɗaya ba ka gani. Ban taɓa ganin wuyan riga mai kyau irin wannan ba, kuma hakan ya ƙara ba ni haushi.

Magajiya ta daɗe tana kallo. Sannan ta juyo.

"Hajiya Lariya, guda nawa ne haka?"

"Tara," in ji Sherifa, tun kafin Madam ta buɗe baki.

"Tara. To, 'yata, sauran ashirin da ukun fa? Su ne masu riƙe wa taran jaka?"

Murmushin Sherifa ya fara gushewa. "Hajiya, na ga kamar zai fi kyau ne."

"Ya fi kyau paa! Shi ne matsalar. Kin san abin da zai faru Lahadi? Mata ashirin da uku za su ce na zaɓi 'yan gaban goshina na sa an yi musu na daban. Ƙungiyar da muka yi shekara ashirin muna riƙewa, wuyan riga zai raba ta."

Madam ta ce a warware adon kawai. Ta ɗauki riga ɗaya ta juya cikinta, sai na ga fuskarta ta canza. Sherifa ta ƙara faɗin wuyan da almakashi don ganyayen su sami wurin zama. Ko an cire igiyar, wuyan ba zai koma irin namu ba, kuma irin atamfar ta ƙare a Adum tun makon jiya. Baya ta toshe, sai dai gaba.

Madam ba mai ɗaga murya ba ce. Ta ajiye rigar a hankali ta ce, "Sherifa, ke kika ɗaura, ke za ki kwance. Ranar Asabar da la'asar Magajiya za ta dawo. In ta tarar da talatin da biyu iri ɗaya, kina nan. In ba haka ba, ni zan je gida-gida in ba mata haƙuri, ke kuma ki ɗauki jakarki."

"Zan yi, Madam. Ni kaɗai zan yi."

Na kusa yin dariya. Dokar Madam biyu ce tun kafin in zo shagon: kayan mutane ba sa kwana a waje, kuma ana kiran magariba ake sa kwaɗo. Na yi lissafi da yatsuna a ƙarƙashin keke, na ga ko aljana ce ba za ta gama ba. Na ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka.

Yammacin Laraba ta gama ɗaya. Ranar Alhamis tun kafin Madam ta zo da mukulli tana tsaye a bakin ƙofa. Ba ta ci komai ba, ba ta ɗaga kai ba. Marwa ta miƙa mata ƙosai, ko kallo bai ishe ta ba. Zuwa la'asar ta ƙara biyu, saura ashirin, ɗan yatsanta na tsakiya ya kumbura ta ɗaure shi da ƙyalle. Brimah ya leƙo karɓar kayan guga, ya tsaya yana kallonta, ya ce mini a hankali ta tuna masa wani ɗan ƙwallon unguwarsu da ya gwammace ya faɗi da ƙwallo a ƙafa da ya miƙa wa wani. Na yi dariya har da buga cinya. Ina faɗa ne don a san irin zuciyar da nake da ita a ranar.

Ana cikin haka Mma Rafia ta shigo. Tsohuwa ce mai sayar da koko a bakin hanyar Race Course, tun ina yarinya nake shan kokonta. Ta ajiye robarta a bakin ƙofa ta ce ta ji labari a gari, ta zo ta ga tata. Tata tana cikin nawa. Na zaro na ba ta, ɗinki tsaf, wuya zagaye, yadda aka ce a yi. Ta duba ta sa mini albarka. Sai idonta ya kai kan na Sherifa da ke rataye. Ta matsa kusa. Hannunta akwai maiƙon ƙosai, don haka da bayan hannu ta shafa ganyayen.

"Ei, Allah mai iko," ta ce. Ta juyo ta ga yadda Sherifa ta duƙufa, ta ga tarin da ya rage. "'Yata, kar ki kashe kanki. In lokaci bai kai ba ki bar tawa, ki yi wa Hajiyoyi. Ni dama wajen tukwane zan tsaya, wa zai gan ni?"

Ta ɗauki robarta ta fita. Maganar nan ta soke ni, har na kasa taka keke. Na san Mma Rafia. Duk bikin da aka yi yayi, a sahun gaba take zama, ta kafa ɗankwali kamar matar gwamna, ta fi kowa rawa. Yau ga ta tana shirin komawa bayan tukwane, kuma rigar da za ta mai da ita can ɗinkina ce. Kunya ta kama ni. Ni da na zauna kwana biyu ina jiran yarinya ta faɗi, ban taɓa tuna a kan wa za ta faɗo ba.

Na tashi na ja kujera na zauna gaban Sherifa.

"Ke, ɗago ki dube ni."

"Sista Rakiatu, don Allah ba ni da lokaci."

"Na sani. Shi ya sa na zo. A cikin aikin nan me ya fi cin lokacinki?"

"Ba za ku iya ba," ta ce. "Ba raini ba ne, a kaina yake."

"Ban tambaye ki abin da ke kanki ba. Me ya fi cin lokaci?"

"Igiyar. A yanka, a ɗinke, a juya cikinta waje, a goge. Ita ke cinye rabin aikin."

"To igiya kuma ai miƙaƙƙen ɗinki ne. Kin raina hannun rigata ranar da kika zo, na gan ki, amma ki tambayi duk Akwatialine wa ya fi ni miƙe layi a kan keke."

Marwa ta matso tana goge hannu. "Juyawa kuma ni ya iya," ta ce. "Zariyan wando nawa na juya a Tamale? Tsinken tsintsiya kawai, fiit, ya fito. Kai kana nan kana fama da allura tun jiya, ni ina kallo, har tausayi ma koraa ya kama ni."

Sherifa ta dube mu, ta dubi tarin rigunan. Na ga tana so, na ga kuma wani abu yana riƙe ta.

Madam ce ta gano ko mene ne. Duk maganar nan tana jin mu daga teburin yanka. Ta jawo takardar buhun siminti, irin wadda ake koya wa sababbi ɗinki a kanta, ta shimfiɗa, ta ɗora alli a kai.

"In kina so in yanka wuya ashirin su fito daidai da naki, sai kin zana mini. Faɗin wuyan, da inda kowane ganye ke farawa da inda yake ƙarewa."

"Madam, in na zana a takarda ai kowa zai iya ɗauka."

"Ƙwarai. Wata mai zuwa za ki gan shi a Adum, a Aboabo, a ko'ina, kuma ba wanda zai ce Sherifa ce ta fara. Zaɓi ya rage naki."

A nan ne na fara jin tausayinta da gaske. Yarinyar nan ba ta da keke, ba ta da shago, ba ta da ɗaki. Abin da ke kanta shi kaɗai ne nata a duniya, shi ake cewa ta shimfiɗa a kan takardar siminti. Ta daɗe a tsaye, allin yana hannunta. Sannan ta sunkuya ta fara zane, hawaye yana ɗiga a kan takardar tana sharewa da gefen hannu don kada ya ɓata layin. Muka bar ta ta gama.

Kafin magariba Madam ta yanka wuya shida, ni na tara ragowar yadin kowa na fara zuba igiya.

Ranar Juma'a shagon ya koma wani abu daban. Ina ɗinka igiya ina jefa wa Marwa, tana juyawa da tsinken tsintsiya tana miƙa wa Brimah ta taga, yana gogewa yana dawo da ita a miƙe. Wajen ƙarfe goma wuta ta tafi, kamar yadda ta saba in ta ga ana sauri. Na koma kan tsohon keken ƙafa, Brimah ya hura gawayi a dutsen gugar mahaifinsa. Kafin a tafi masallaci igiyar riga ashirin ta kammala, aikin da zai ci wa Sherifa kwana uku.

Sai dai ba a nan gizo ke saƙar ba. Saura ɗora ganyayen da ɗinkin hannu, kuma har yanzu ita kaɗai ke yi. Na ce ta riƙa shimfiɗa igiyar tana kafe ta da fil, tunda wannan ne ke buƙatar idonta, mu kuma mu bi ta baya da allura. Ta yarda da ƙyar. Marwa ta gama ta farko ta miƙa mata da murna. Sherifa ta duba, ta ɗauki reza, ta fara warwarewa ba tare da ta ce uffan ba.

Raina ya ɓaci. Na ƙwace rezar.

"Ke wace irin mutum ce? Mace ta yi awa guda tana miki aiki, ki warware ko bayani babu? Baki gare ki ko ba ki da shi?"

"Zaren yana fitowa ta gaba."

"To faɗa mata! Nuna mata! Mu ba aljanu ba ne da za mu shiga kanki mu gani."

Marwa ta riga ta juya baya ta fara tattara kayanta. Sherifa ta tsaya kamar an dasa ta. Ina jin ba ta taɓa koya wa kowa komai ba a rayuwarta, ba ta ma san ta inda ake farawa ba. Can ta je ta durƙusa gefen kujerar Marwa.

"Sista Marwa, ki yi haƙuri. Ban iya magana ba ne. Duba nan. Allurar ba ta huda igiyar duka, cikinta kawai take kamawa, zare biyu, sai ki koma ƙasa."

Marwa ta harare ta. "Da ka faɗa tun farko, da yanzu mun yi biyu. Kawo."

Daga nan aiki ya miƙe. Sherifa tana kafe ganyaye a kan tebur, tana gama ɗaya cikin ɗan lokaci ta tura mana. Ni da Marwa da Madam muna bi da allura. Madam ta sa tabarau biyu, ɗaya a kan ɗaya, tana mita cewa rabonta da ɗinkin hannu tun kafin ta je Makka. Na farkona bai yi kyau ba, ganye na huɗu ya karkace kamar kunnen akuya. Wannan karon Sherifa ba ta taɓa reza ba. Ta zo ta nuna mini inda na ja zare da ƙarfi, na gyara da kaina. Na ji haushi a ce yarinyar da na girma da shekara goma sha biyar ke gyara mini hannu, amma gyaran daidai ne, sai na haɗiye.

Ita ma ta sha nata. Ta zo kafa igiya a rigar wata Hajiya mai jiki, igiyar ta ƙare a ganye na shida, saboda zanenta na masu matsakaicin jiki ne. Ta rikice. Madam ko ɗago kai ba ta yi ba, ta ce a duba ƙasan ledar, ta riga ta sa na ƙara tsawon ta mutum biyar tun safe don ta san kafaɗar kowace mace a ƙungiyar nan. Da aka kira magariba mun gama goma sha ɗaya.

Asabar saura tara. Yatsuna sun yi tsami, bayana kamar an daka, Marwa tana ta waƙar Dagbanci don kada barci ya ɗauke ta. Mun gama ta ƙarshe ana kiran la'asar. Brimah ya goge su duka, ya shigo da su a kafaɗa ya rataye yadda suka zo hannunsa, babu tsari, tun daga ƙofa har bango. Muka yi salla a shago, muka zauna jiran hukunci. Sherifa ta kasa zama, tana ta kai da kawo, jakarta tana rataye a ƙusa inda ta saba ajiye ta.

Magajiya ta shigo da sallama. Ta bi layin rigunan tun daga farko har ƙarshe, tana ɗaga wannan tana juya waccan. Ba ta ce sun yi ba, ba ta ce ba su yi ba. Ta juyo wajen Sherifa.

"Ni idona ya tsufa, kuma matan nan idonsu ya fi nawa kaifi. Ke kika san aikinki. Zo ki fitar mini da waɗanda kika yi ke kaɗai. In ke kin gane su, su ma za su gane."

Sherifa ta dubi Madam, Madam ta ce ta je, kuma kada ta yi ƙarya don Allah yana gani. Ta fara daga ƙofa. Ta tsaya gaban ta farko, ta wuce. Ta taɓa ta uku, ta saki. Ta kai ƙarshe ta dawo. A tsakiyar layi ta tsaya, ta daɗe tana duban wata, ta zare ta.

"Wannan dai tawa ce, Hajiya. Ita ce ta fi fita. Sauran ban tabbata ba."

Madam ta karɓa ta juya cikin rigar. Ni tun daga inda nake zaune na gane ɗinkin gefen, nawa ne, ba wanda ke rufe bakin yadi haka sai ni. Marwa ta leƙo ta kafaɗar Madam ta buga tafi.

"Ni ya yi wuyan nan! Yau da safe! Ga jinina ma kaɗan a ciki, allura ya soke ni."

Magajiya ta yi dariya har mayafinta ya zame. Ta ce a zuba mata su a leda, gobe da safe kowa za ta aiko a karɓa. A bakin ƙofa ta tsaya ta ce wa Madam bikin gidan Alhaji Muniru yana nan bayan Salla, kuma matan za su so wani sabon wuya, in Sherifa tana da wani a kanta.

Bayan ta tafi Sherifa tana nan tsaye da rigar a hannu. Na zaci za ta ji zafi, a ce aikin da ta zaɓa a matsayin wanda ya fi kowanne ba nata ba ne. Ta kai rigar bakin ƙofa wajen haske, ta juya wuyan, ta kusa manna ido a kai.

Madam tana tattara almakashinta ta ce, "Litinin ki zo da wuri. Akwai takardar siminti a ƙarƙashin tebur, ki fara zana na bayan Salla mu gani tun yanzu, ba sai an yanka ba."

"To, Madam. Na gode." Ni kuwa sai da na juya ina gyara zaren keke don kada a ga idona.

Ba ta ajiye rigar ba. Ta jawo kujera ta kai gefen Marwa ta zauna, ta shimfiɗa wuyan a kan gwiwarta.

"Sista Marwa, na duba ban ga inda kika ƙulle zaren ba. Ni nawa kullum yana ɗan tasowa ta baya. Don Allah nuna mini yadda kike yi."